Nazarin Lamari: Wata 16 Ana Ɗawainiyar Na'urar Gano Kifi a Kan Kayak a Tafkin Kainji

Mutumin, jirginsa da ruwan da yake shiga

Mutumin da wannan bayani ya shafa malamin sakandare ne a Yelwan Yawuri, cikin jihar Kebbi, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Ɗan gidan Sarkawa ne. Kakansa da mahaifinsa da kawunansa duk da sana'ar su aka san su. Boko ta ɗauke shi daga cikin jirgi tun yana yaro, amma ba ta raba shi da ruwa ba, domin duk Asabar da lokacin hutu yakan ɗauki fatsa ya sauka kwata. Ni kuma sana'ata haɗa sola da jan wayar wuta a gidaje. Ta nan muka saba, kuma ni ya kira da matsalar ta kai ga batir. Abin da ban gani da idona ba, daga littafin da yake rubuta fitarsa na ɗauko, da izininsa.

A watan Oktoban 2023 ƙaninsa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da kayak da ya saya na hannu, tare da na'urar gano kifi a cikin kwalinta, ba a taɓa ɗaura ta ba. Kayak ƙaramin kwale-kwalen roba ne na mutum ɗaya, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Tsawon wannan mita 3.6, nauyinsa kusan kilo 30, kuma irin wanda ake zama a samansa ne: cikinsa kogo ne rufaffe, sai wata ƙofa mai murfi a gaban wurin zama da hannu zai iya shiga. Robar jikinsa irin ta tankin ruwa da jarka ce, wadda ake kira foliyetilin.

Tafkin Kainji ya samu ne bayan an kammala madatsar ruwa a kan kogin Kwara a 1968. Tsawonsa ya haura kilomita 130, idan ya cika kuma yana mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200. A ƙarƙashinsa akwai tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da ƙauyuka da gonakin mutane sama da dubu 40 da aka tayar. Ba duk itatuwan kwarin aka sare ba kafin ruwa ya hau, su ne kututturan da har yau suke cin taru da ƙugiyar masunta. Ruwan ba ya zama wuri ɗaya: tsakanin cikarsa da ƙafewarsa akwai kusan mita 10 a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga wajen Agusta, ɗauke da laka da tarkace. Baƙin ruwa kuma, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, yana isowa wajen Disamba, a tace.

Burin malamin abu biyu ne. Ya daina asarar ƙugiya da zare a jikin itatuwan da ba ya gani, kuma ya gane inda tsohon kwarin kogin ya bi, domin a gefen irin wannan gangare giwan ruwa da ragon ruwa suke farauta.

Oktoba 2023: abin da ke cikin kwalin

Abu uku ne: allo mai faɗin tafin hannu, wayar wuta mai baki ja da baƙi, da wani ɗan dunƙule baƙi mai doguwar waya da ake kira turansdusa. Dunƙulen nan shi ne baki, shi ne kunne. Yana harba sauti ƙasa, sautin ya bugi abu ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta mayar da shi zurfi. A nan gaba “kunne” zan riƙa ce masa, kamar yadda malamin ya saba faɗa. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, don haka a zurfin mita 10 zuwa da dawowa ba ya kai kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa.

Na'urar tana aiki da zangon sauti biyu, kilohaz 200 da 77. Na 200 sautinsa siriri ne, yana sauka kamar hasken tocila. Da'irar da yake dubawa a ƙasa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ba, wato a mita 9 faɗin mita 3 kacal yake gani. Na 77 ya fi baje, amma hotonsa bai kai wancan fita ba.

Akwai wata magana guda da duk labarin ya rataya a kanta. Idan sautin da ke cikin ruwa ya gamu da iska, kusan dukansa juyowa yake yi, ba ya ƙetarewa. Dalilin da ya sa ake ganin kifi a allo ke nan, domin yawancin kifi yana da jakar iska a cikinsa, ita ce take maido da sautin. Dalilin kuma ke nan da ya sa ƙwayar kumfa ɗaya a fuskar kunnen take iya makantar da na'urar. Malamin bai san wannan ba a lokacin. Takardar da ke cikin kwalin ta nuna yadda ake ɗaure kunnen da sukuru a bayan jirgin inji ne kawai, kayak kuwa ba shi da irin wannan baya, kuma bai yarda ya huda jirginsa a ƙasan layin ruwa ba.

Nuwamba 2023: silikon

Ya ga ana cewa sauti yana ratsa robar kayak, wanda gaskiya ne. Sai ya sayi silikon irin na masu aikin gilashi, ya zura hannu ta ƙofar kogon, ya matsa tuli guda a kan ƙasan jirgin daga ciki, ya danna kunnen a kai ya bar shi kwana biyu. Batir kuma ya sayi na bolt 12 mai ƙarfin amp-awa 7, irin wanda ake sawa a ƙaramin inbata na kwamfuta, ya murɗa wayoyin da hannu ya naɗe da baƙin salatif.

Fitar farko, ranar Asabar ta biyu a watan, allo ya kama. A bakin kwata ya nuna mita 1.2, ya nuna 2, ya nuna 3. Da ya wuce wajen mita 4 sai lambar ta fara ƙiftawa, ta yi tsalle daga 4 zuwa 0.6, ta koma 17, daga nan layin ƙasa ya ɓace. Ya ƙara ƙarfin ji har ƙarshe, allon ya cika da ɗige-ɗige. Haka aka yi a fita uku.

A ƙarshen watan ya ɓamɓare kunnen da wuƙa. Ya ajiye mini guntun silikon ɗin, na kuma gani: cikinsa ramuka ne birjik kamar an yanka burodi, wasu kamar ƙwayar gero, ɗaya kamar wake, daidai tsakiyar inda fuskar kunnen ta zauna. Tsakiyar tulin ma bai gama bushewa ba, saboda kaurinsa ya kai yatsa biyu kuma kogon ba ya samun iska.

Disamba 2023: gam mai haɗi biyu

Ya koma ga gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, mai kamawa cikin 'yan mintoci. Cakuɗawar da kanta tana shigar da kumfa, saurin kamawar kuma ba ya ba ta lokacin fita. An ɗan samu sauƙi, layin ƙasa yana tsayawa har wajen mita 6. Amma foliyetilin ba ta riƙe gam, kuma jikin kayak yana lanƙwasa duk lokacin da aka ja shi a kan yashi. Bayan kwana 16 ya buɗe murfin ya tarar da kunnen yana yawo cikin kogon, gam ɗin manne da shi kamar faifai, ƙasan jirgin kuwa tas, ko tabo babu.

A wannan rana ya rubuta a littafinsa cewa na'urar ta lalace, zai mayar wa ƙaninsa.

Janairu 2024: igiya da dutse

Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, dattijo ne da ya haura saba'in, har yanzu yana shimfiɗa mamari. Shi ya hana a mayar da ita. Sun fita tare, dattijon a jirginsa na katako, malamin a kayak, kunnen a ajiye cikin kogo ba manne. A wani wuri allon ya nuna mita 2.

“Kawu, tana cewa nan bai kai gaba biyu ba.”

“Ɗana, a baƙin ruwa irin wannan, nan gaba huɗu ne. Tun kafin a haife ka nake jefa ƙugiya a nan. Kafin ka ce ƙarya take yi, fito da kunnen nata ka sa a ruwa mu ji. Wa ya taɓa jin magana ta bayan bango?”

Ya zaro kunnen, ya riƙe shi da hannu a gefen jirgi, fuskarsa tana kallon ƙasa. Nan take layin ƙasa ya fito, ja, mai kauri, lambar ta tsaya cak a 6.9.

Mako na gaba suka yi abin a tsanake. Malamin ya samu igiya ya ƙulla ta mita-mita da tef ɗin tela, ya ɗaura dutse a bakinta. Suka zaɓi wuri uku da sassafe kafin iska ta taso. Igiya ta ba da mita 2.5, da 6.8, da 11. Na'ura, kunne a hannu, ta ba da 2.5, da 6.9, da 11.2. Ya rubuta wuraren uku da alamominsu na tudu, suka zama ma'aunin da ake komawa duk lokacin da aka canza wani abu.

Sun gwada a jirgin dattijon ma. Suka sa kunnen cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin, tsakanin katakai. Babu abin da ya fito sai wani inuwa-inuwa. Katako cike yake da ƙananan ƙofofin iska, sauti ba ya ratsa shi yadda yake ratsa roba. Duk mai jirgin katako da ke son irin wannan na'ura, dole kunnen ya kasance a waje, cikin ruwa.

Malamin ya gwada hakan a kayak: ya ɗaure kunnen a bakin sanda, ya ɗaure sandar a gefe da igiyar tsohon tub. A tsaye hoton yana da kyau ƙwarai. Da ya fara tuƙi, sandar takan karkace, filafili yana tura mata kumfa a kowane bugu, layin ƙasa ya riƙa yankewa kamar haƙoran zarto. A fita ta biyu ta sarƙe da kallin wani masunci, aka yi ta fama kafin a kwance, bawon wayar ya goge a wuri ɗaya. Ya bar wannan hanya.

Fabrairu 2024: 'yar rijiya a cikin kogo

Tambayar ta koma: ta yaya kunnen zai zauna a ciki, ba tare da iska tsakaninsa da robar jirgin ba? Amsar da ta zauna ita ce a sa ruwa a tsakaninsu maimakon gam.

Ya samu silifas manya guda biyu masu kauri, ya cire igiyoyinsu ya manna su tare da gam ɗin masu gyaran takalmi, kaurinsu ya kai santimita 4. Ya ɗora kunnen a kai ya zana siffarsa, ya yanke ramin da reza har ya ɓulle, ya rage shi kaɗan don ya matse kunnen. Robar silifas ba ta shan ruwa, shi ya sa ta fi soson katifa. A cikin kogon ya laluba wuri shimfiɗaɗɗe kusa da tsakiyar jirgin, inda babu tudu ko kwari a jikin robar, ya goge da sanfefa, ya wanke da sifirit. Ya shafa gam a ƙasan zoben silifas ɗin kaɗai, ya kiyaye kada ko ɗigo ya shiga tsakiya, ya danna shi da bulo kwana ɗaya.

Kafin kowace fita yana zuba ruwa kamar rabin kofin shayi a cikin ramin, da ɗigon sabulun ruwa, sannan ya saka kunnen a karkace, gefe ɗaya tukuna, ya danna a hankali har ruwan ya tumbatso ta gefe ya kore kumfar. A wuraren gwaji uku, a satin da ruwa bai riga ya ja ba, ya samu 2.5, da 6.8, da 11.1. Yana tuƙi layin ƙasa bai yanke ba.

Abu biyu ya rasa. Hoton bai kai na kunne a cikin tafki ƙarfi ba, ko da yake a zurfin da yake su bambancin bai hana komai ba. Awon zafin ruwa kuma ya zama banza, domin zafin ruwan 'yar rijiyar yake aunawa. Da rana tsaka a cikin kogon roba ya taɓa nuna digiri 36.

Maris zuwa Afrilu 2024: wuta

Sai allon ya fara mutuwa. Da farko bayan awa biyar, daga baya bayan awa biyu, har ta kai da an bugi igiyar ruwa sai ya ɗauke. A nan ya kira ni.

Na fara da lissafi. Na auna abin da na'urar take ja, bai kai kashi ɗaya cikin uku na amp ba. Batir mai amp-awa 7, ko rabinsa kawai aka sha kamar yadda ya kamata a yi wa batirin dalma, ya isa fiye da awa goma. Ke nan ba ƙanƙantar batir ba ce.

Da ya kawo batirin sai na ga gefensa ya kumbura. Na tambaye shi inda yake caji. Ya ce wurin masu cajin batirin mota yake kaiwa, yakan karɓo shi da zafi. Injin da ke wurin yana tura amp 10 ko fiye, alhali a jikin batirin an rubuta kada cajin farko ya wuce amp 2.1. Ban da haka, yakan bar shi a sheƙe tun daga Asabar har Alhamis kafin ya kai caji, batirin dalma kuwa idan ya kwana a sheƙe gishiri yana kama farantansa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa. Bayan cikakken caji da hutun dare ya nuna bolt 12.1, maimakon 12.7 ko 12.8. Muka sayi sabo.

Da sabon batir ma allon ya mutu sau biyu a fita ɗaya. Wannan karon na bi shi har kwata da ma'aunin wuta. A kan batir na samu 12.6. A bakin filogin da ke shiga allon, na'ura tana kunne, na samu 10.3, da na girgiza wayar kuma sai lambar ta faɗi ƙasa da 10, allon ya ɗauke. Na warware baƙin salatif ɗin da ya naɗa tun Nuwamba. Ruwa ya ɗigo daga cikinsa. Tagullar ta koma kore, da na murza ta da yatsa sai siraran wayoyin suka karye kamar busasshiyar ciyawa. Salatif bai hana ruwa shiga ba, ya hana shi fita ne. Kuma babu fis ko ɗaya tsakanin batir da na'ura, a cikin jirgin roba, a ƙarƙashin cinyar mutum. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin irin wannan ɗan batir idan wayoyinsa suka haɗu yana iya narkar da bawon waya cikin daƙiƙoƙi.

Ga abin da muka yi. Na yanke wayar wutar har inda tagulla take ja, na haɗa da dalma, na rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Na sa fis mai amp 3 a kan jar waya, taƙi ɗaya daga batir. Batirin ya shiga robar abinci mai murfi mai kamawa, da soso a gefe don kada ya yi ta gwaruwa, wayar ta fita ta ƙaramin rami da aka toshe da silikon. A nan silikon yake da amfani. Kawunan batir muka shafa musu basilin. Wayar kunne kuwa ban yanke ta ba duk da tsawonta ya yi yawa, domin tana da rufin kariya a ciki da ba a son a taɓa. Muka naɗe ragowar muka ɗaure, wurin da ya goge muka rufe shi. Caji kuma ya koma gida: farantin sola mai wat 20 da ƙaramar kwantirola mai daidaita wutar da ke shiga batir. Na gargaɗe shi kada ya haɗa farantin kai tsaye, domin farantin da ake kira na bolt 12 yana haura bolt 20 idan ba a ɗora masa komai ba.

Ƙa'idar da ya ɗauka: batir ya hau caji a ranar da aka dawo, filogi a zare a bar shi ya sha iska, kunnen a wanke da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi, ban da fetur ko kananzir, ban da kankara da wuƙa.

Mayu zuwa Satumba 2024: koyon karatun allo

Na'ura ta zauna, wuta ta zauna, amma kifi bai ƙaru ba. Allon yana zana masa 'yan hotunan kifi da yawa, ya jefa ƙugiya ya ɗago ganye ko reshe. Wannan tsari na hoton kifi duk abin da ke tsakanin sama da ƙasa kifi yake kiransa. Ya kashe shi a watan Mayu, ya fara kallon ainihin amsa-kuwwar. Ya gane cewa gefen dama na allon shi ne yanzu, abin da ke tafiya hagu ya riga ya wuce. Kifin da jirgi ya bi ta kansa yana fitowa kamar baka, domin nisansa yana raguwa sannan ya ƙaru. Idan jirgi yana tsaye, kifin da ke ƙarƙashinsa dogon layi yake zama. Ƙasa mai dutse tana ba da layi mai kauri da haske, wani lokaci har da na biyu a ninkin zurfin. Laka kuma layinta dishi-dishi. Tarwaɗa da wuya ya gan ta, domin jakar iskarta ƙarama ce kuma a jikin ƙasa take kwanciya.

A watan Yuni zoben silifas ya fara yoyo, ruwan yana ƙarewa cikin awa uku. Alamarsa ita ce ta Nuwamba, lamba tana tsalle. Ya ɓamɓare, ya goge, ya sake mannawa.

Aikin da ya fi kowanne amfani a watan Yuli aka yi shi, kuma ba da sauti ba. Ruwa ya ja sosai, kututtura da duwatsu da gaɓar tsohon kogi suka fito fili. Na'urar tana da GPS, tana iya riƙe wuri. Sai ya ɗauki kawunsa suka yi ta zagaye. Dattijon yana nuna masa: wannan tsamiya ce, nan bakin rafi ne da, wancan tudun makabartar wani ƙauye ce, ba a jefa komai a kanta. Malamin yana danna alama, yana rubuta sunan wurin da kwanan wata da zurfin ranar. Sun tara wurare 43. Kwanan watan ba ado ba ne: a tafkin da ke hawa da sauka kusan mita 10, zurfin da ba a rubuta ranarsa ba ba ya gaya wa mutum komai.

Da farin ruwa ya sauko a Satumba, allon ya sake cika da ɗige-ɗige daga sama har ƙasa. Ya ɗauka matsala ce ta dawo. Ya duba rijiya, da ruwa. Ya duba batir, 12.6, ya jefa igiya, ta yi daidai da lambar. Laka da ciyawa da kumfar da ruwan ya kwaso ne na'urar take ji. Ya cire ta daga saita kanta, ya rage ƙarfin ji da hannu har ɗigon ya ragu, ya tsaya a kilohaz 200. A makonnin da ruwan ya fi ƙarfi bai fita ba sam.

Disamba 2024 zuwa Janairu 2025: komawa kan alamomi

Baƙin ruwa ya iso, tafki ya cika ya kwanta. Ya koma kan alamomin Yuli ɗaya bayan ɗaya. GPS yana iya kuskure da 'yan mitoci, da'irar da kunnen yake gani kuma mita 3 ce a zurfin 9, don haka sai ya ratsa wuri sau biyu ko uku a hankali kafin abin ya fito. Tsamiyar da ya dafa da hannu a Yuli ya gan ta a allo, tsaye daga ƙasa, rassanta kamar yatsu, da 'yan bakuna a gefenta na ƙasan ruwa. Daga ranar ya san yadda itace yake a allo, ko a wurin da bai taɓa sa alama ba.

Littafinsa ya nuna fita 11 a wata biyun. Allon bai mutu ko sau ɗaya ba. Batir yana dawowa da 12.3 ko sama bayan awa shida. A irin wannan lokaci na shekarar da ta gabata yana rasa ƙugiya huɗu ko biyar a fita guda. Yanzu ya rasa shida a duka goma sha ɗayan. Ragon ruwa ya samu a yawancin fitar, giwan ruwa sau uku, babbar cikinsu kilo 6, duka a gefen gangaren tsohon rafin da kawunsa ya nuna masa. Fita biyu ya dawo hannu wofi.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina na'urar ba ta taɓa lalacewa ba tun daga ranar farko. Silikon da gam sun kasa ne saboda sun kulle iska a gaban kunnen, kuma robar kayak ba ta riƙe su. Sanda a gefe ta kasa saboda filafili yana ɗura mata kumfa kuma ruwan cike yake da tarun mutane. Rijiyar silifas ta yi aiki domin ruwa yana cike kowane gurbi, kuma idan ta samu matsala ana gyara ta da kofin ruwa ko gam na 'yan kuɗi kaɗan. Wata uku na farko sun tafi ne saboda babu ma'aunin da za a gwada allon da shi. Da igiyar ta shigo, kowace tambaya ta samu amsa a fita ɗaya.

Matsalar wuta ta fi ta kunne haɗari, ita ce kuma aka fi rainawa. Batir biyu ba su kashe allon ba kamar yadda haɗin waya ɗaya da aka murɗa da hannu ya kashe shi. Ba zan yarda a sa batir a cikin kayak ba tare da fis ba, ko na kwana ɗaya.

Game da kifi, abin da nake iya tsayawa a kai shi ne raguwar asarar ƙugiya. Ƙaruwar kamu ba zan jingina ta ga na'urar ita kaɗai ba, domin wuraren da suka ba da kifin dattijon ne ya nuna su. Na'urar ta riƙe su ne, ta mayar da malamin kansu lokacin da ruwa ya rufe alamun. Akwai kuma abin da ke damuna har yanzu. Allo yana sa mutum sunkuyar da kai, Kainji kuwa ruwa ne mai iska, musamman farkon damina, ga dorina a wasu sassan, ga jiragen inji da ba sa hango abu ƙarami kamar kayak. Malamin yana sa rigar kariya kowace fita, kuma kawunsa ya sa masa sharaɗin kada ya yi nisan da ba zai hango tudu ba.

Zoben silifas bai daina saki ba. An sake manna shi a Yuni, an sake a Nuwamba, kuma a fitar ƙarshe ta Janairu ya tarar gefe ɗaya ya fara ɗagawa. Ya yanka na biyu ya ajiye a robar batir tare da fis guda biyu da ƙaramar gorar ruwa.